Gwaggo Matsa da Ruwan Baftismata

Gwaggo Rifkatu ba ta taɓa zama wuri ɗaya Lahadi biyu a jere ba. Sai an fara waƙar farko za ta shigo, ɗankwali a karkace, ta tsaya bakin ƙofa tana duba bencina kamar mai zaɓen akuya a kasuwar Shuwarin. Ba mai fili take nema ba. Wanda ya cika taf shi take nufa, ta kafa wa na baki gwiwar hannu a haƙarƙari, ta ce, "Matsa!" Kafin ka ce me, mutum bakwai sun zama takwas. Shi ya sa har ta koma ga Ubangiji yaran majami'ar nan da yawa ba su san sunanta na yanka ba. Gwaggo Matsa kawai suka sani.

Fasto ya ce kowa ya rubuto abin da ya sani don littafin bikin tunawa da kafa majami'armu ta Baptis a nan Dutse. Matasa sun ba mu kan magana uku: abin da muka gada, abin da muka riƙe, da inda muka nufa. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, manyan kalmomi ba sa zama a bakina. Abin da na gada dai Gwaggo ce, ita zan rubuta. Wanda na taɓa ya yi haƙuri, na nemi izinin masu rai.

Lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, majami'a ma ta cika. Ba wanda ya raba mana wurin zama, mu muka raba kanmu. Yarbawa 'yan kasuwa, waɗanda iyayensu suka kafa wurin, suna dama. Ma'aikata masu takalmi sau-ciki suna gaba. Mu Hausawan ƙauye muna can baya kusa da ƙofa. Gwaggo ce kaɗai ba ta san da wannan tsari ba, ko kuma ta sani sarai. Wata Lahadi ta dira bencin gaba, kan matar wani darakta da muke kira Madam, mace mai leshi da turare. Madam ta nuna mata baya da yatsa, a hankali ta ce, "Mama, ga wuri can."

Gwaggo ta ce, "Na gan shi, 'yata. Tunda ya burge ki, je ki zauna. Ko kuwa ki matsa."

Madam ta matsa. Har aka tashi ba ta ƙara juyo da fuska ba.

Tunda an tambayi inda muka nufa, na ji ana maganar kujerun roba a sabon gini. Ban hana ba, bayana ma yana so. Ina dai tuna muku cewa kujerar roba mutum ɗaya take ɗauka.

To, ni Lami, ga yadda na haɗu da ita. Daga wani ƙauye a bayan Jahun muka zo, da maigidana da yaranmu biyu, ya sami aikin gadi. Haihuwata ta uku ce ta zo da gardama, na daɗe a kan gwiwa, yaron bai zo da rai ba, ni kuma na tashi da yoyon fitsari. Yanzu ina iya rubuta sunan ciwon. A lokacin ko a bakina ba ya fita. An yi mini aiki har sau biyu a wani asibiti, bai kama ba. Kuma ban yi baftisma ba, don a ƙauyenmu bishara ta iso mu da girmanmu. Ku da kuka tashi a ciki kun sani: a wurinmu sai an nutsar da kai cikin ruwa gaba ɗaya kake zama cikakken ɗan ikilisiya, ka ci Jibin Ubangiji, ka ɗaga hannu a taro a ƙirga da kai. Abin da nake so ke nan a duniya, ba wani abu ba. Amma wadda ba ta iya zama kan benci ba tare da ta jiƙa shi ba, ina ita ina ruwan da jama'a za su shiga?

Don haka nake shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, jikin taga, in ji wa'azi daga waje, in gudu kafin a yi addu'ar rufewa. Ina nan zaune wata rana sai na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina.

"Matsa. Ke kuma gadin kekuna aka ba ki?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ina da larura ne. Kada ki zauna, akwai wari."

Ta zauna. Ta buɗe hanci ta shaƙa sosai, har da lumshe ido, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ta ce, "Wannan ne warin? Kai, 'yar nan, ba ki san duniya ba. Zo gidana ranar da zan buɗe kalwa."

Sana'arta ke nan, daddawa. Kowa ya san in kalwa ta ruɓa aka ɗaga buhun da aka rufe ta da shi, har kajin maƙwabta sai sun sake unguwa. Lahadin da ta biyo sai ga ta da ƙwarya cike da ɗanyar daddawa, wadda ba ta ga rana ba, an rufe da faifai. Ta kama hannuna kamar ta kama ɓarauniya, ta ja ni har tsakiyar majami'a, ta ninka buhuna ta shimfiɗa mini, ta tura ƙwaryar ƙarƙashin benci da ƙafa. Jama'a, ba a gama karatun farko ba hanci ya fara juyawa. Mawaƙa suna fifita da takardun waƙa. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage. Ana cikin sanarwa Gwaggo ta miƙe.

"Duk mai jin wari ya dube ni, kada ya wahalar da wuyansa. Nawa ne. Kuma duk a tukunyarku yake ƙarewa."

Da aka tashi, Baba Dikin ya tare ta. Shi ne babban dikinmu, wato dattijon da ke taya Fasto hidima, Bayarabe mai shagon kayan keke, haifaffen Kano, mutum mai son ƙa'ida kamar ransa. Ya ce, "Gwaggo, nan ɗakin sujada ne ko kasuwa?"

"Na sayar maka?"

"A'a."

"To ba kasuwa ba ce."

Haka ta yi ta zuwa da ƙwaryar nan har damina ta wuce, har mutane suka daina sanin wanne ne nata wanne ne nawa, daga baya ma suka daina tambaya. Kuma kada ku ce ta yi asara. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zubar ba, Litinin take kai ta kasuwa ta ce wannan ta ji wa'azi, ta fi albarka.

Wannan ya kawo ni kan maƙonta, don ba zan ɓoye ba, Gwaggo tana da maƙo, amma na ruwa. Abinci za ta ba ka har ka gaji. Ruwa kuwa, Allah ya kiyaye. A bayan Garki aka haife ta, inda take cewa in ka jefa guga da safe sai ka je ka yi shara ka dawo kafin ya taɓa ruwa. Ruwa ɗaya sai ya yi mata aiki uku: ta wanke hatsi, ta wanke kwano, ta kai wa yakuwar da ta shuka a bayan majami'a. Akwai ranar da Fasto ya kurɓi ruwa yana tsakiyar wa'azi, ya ajiye sauran. Yana cewa amin ta isa gabansa.

"Fasto, za ka shanye ko in kai wa yakuwa?"

Bawan Allah ya shanye a tsaye, gaban kowa, kamar yaron da aka ba magani.

Da can a kududdufin bayan duwatsu ake mana baftisma, ƙarshen damina, a tafi da ganga da waƙa ta tsakiyar gari. Da shekarun shari'a suka zo, gaskiya ba wanda ya zo ya ce mana ku daina. Amma gari ya yi tsit, kowa yana auna maganarsa, wasu ma'aikata sun tura iyalansu gida. Dattawa suka ce a bar jerin gwano, a gina kwami na siminti a cikin harabar majami'a. Sai matsalar ruwa. Famfo sai ya ga dama. Rijiya mai kyau a layinmu ɗaya ce, ta gidan Hajjo, Bafulatana Musulma mai sayar da nono, ƙawar faɗan Gwaggo tun suna da ƙarfi. Wasu suka ce a wannan yanayi kada a saka matar mutane a uku. Gwaggo ta ɗauki sandarta ta tafi, ni ina biye da bokiti.

Hajjo ta ce, "Ruwa har na cika ɗaki? Wankan me za ku yi?"

"Wankan shiga addini. Sau ɗaya ake yi a rayuwa."

"Sau ɗaya! Shi ya sa, Rifkatu. Yau na gane inda warin nan ya samo asali."

"Ke da kike yi sau biyar a rana, ban ji warin man shanu ya sake ki ba."

Hajjo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mu ɗiba. Ta ce rijiyar mijinta ya haƙa, ruwan kuwa ba shi ya zuba ba. Wanda yake da magana ya zo ya same ta.

Na shiga ajin baftisma, na haddace abin da ake haddacewa. Ranar da aka karanta sunayen waɗanda za a nutsar, da nawa a ciki, sai ƙus-ƙus ya tashi. Kududdufi babba ne, ba wanda zai damu. Kwami kuwa ɗan ƙarami ne, ruwan da na shiga shi na bayana zai shiga, har kansa. Maganar ta girma har aka kawo ta taron ikilisiya. Ni ba ni da hannu a taro tukuna, sai na koma gindin darbejiyata, jikin taga.

Za ku zaci masu leshi ne suka ƙi. A'a. Namu ne, na bencin baya. Asabe, 'yar ƙauyenmu, wadda yanzu jikokinmu suke wasa tare, ita ta miƙe ta ce ba ƙiyayya ba ce, amma a jira Lami ta warke tukuna. Ni kuwa na san aiki biyu sun wuce ba su kama ba. A jira in warke yana iya zama a jira in mutu. Wani saurayi mai tausayi ya ce to a zuba mini da buta a gefe mana. Wayyo! Baba Dikin ya miƙe har hularsa ta faɗi.

"Buta? A Baptis? Iyayenmu sun taso tun daga kudu da kaya a ka don a zo a yi mana yayyafi kamar ana kashe ƙura? Ko a nutsar ko a bari!"

Wani ya ce a yi mini ni kaɗai ranar Talata, ba kowa. Ni a raina na yarda. Ko da tsakar rana ce ba mai kallo, in dai za a yi. Fasto ya ce to a ɗaga hannu. Sai na ji ƙarar sanda a siminti.

Kun san ƙa'idarmu: muddin ɗan ikilisiya yana tsaye yana magana, ba a ɗaga hannu. Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma wannan ƙa'ida ta riƙe ta gam. Ta miƙe tsaye duk da ciwon gwiwar da take fama da shi, ta juya ta fuskanci bencin baya.

"Asabe, a ina aka nutsar da ke?"

"A kududdufi, Gwaggo."

"Wa ya riga ki shiga ranar?"

Wani daga gefe ya ce, "Shanun gidan Hajjo."

"Yauwa. Kin ga saniya ɗaya da ta fito waje ta nemi bayan gida? Ni na riƙe miki zane, Asabe. Kin fito da abin saniya a ɗankwali kina Halleluya, kina cewa ba ki taɓa jin kanki da tsabta irin ta yau ba. Na ƙaryata ki?"

Majami'a ta fashe da dariya, har Fasto ya ɓoye fuska a bayan littafi. Ba ta tsaya nan ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya haɗiyi talibambam, wanda matsattsaku ta kama a cinya ya fasa ihu ana tsammanin Ruhu ne. Ba wanda ta manta, don duk ita ta riƙe musu kaya. Da dariyar ta lafa sai ta rage murya.

"Kun shiga bayan shanu kuna waƙa. Yau bayan 'yar'uwarku ne ya gagare ku? Kuma ba za a yi mata ranar Talata kamar kayan sata ba. In sai an warke ake shiga ruwan nan, ku fara soke tawa baftismar, ni har yau ban warke daga bakina ba."

Ba wanda ya yi dariya. Can sai na ga leshi ya motsa a bencin gaba. Madam ce, wadda tun ranar da aka matsar da ita ba ta cika gaisa da Gwaggo ba. 'Yarta budurwa tana ajinmu. Ta ce, "Fasto, a sa 'yata a bayan Lami." Ta zauna.

Daga taga na ga hannuwa suna tashi, dama da gaba da baya. Na Asabe ya tsaya a kafaɗa ya yi ta shawara, daga baya ya ƙarasa. Ni dai na kifa kaina a kan gwiwa.

To, kuskuren da ikilisiya ta yi ɗaya ne: ta bar wa Gwaggo aikin cika kwami. Ranar baftisma Fasto ya sauka ciki da farar riga, ya duba, ruwa da ƙyar ya wuce masa gwiwa.

"Gwaggo, ruwan nan bai kai ba."

"Ya kai wa mai tawali'u. Su durƙusa."

"Gwaggo, a ƙaro ko bokiti goma."

"Rijiyar mutane ce, Fasto, ba kogin Haɗeja ba."

Baba Dikin kuwa ya tsugunna a bakin kwami, ya gyara tabarau, don a wurinsa ko farce ya tsira a bushe ba a yi komai ba. Na farko wani dogon ɗan sanda ne. Fasto ya kwantar da shi, kai ya shiga, gwiwoyi biyu suka tsaya a sama kamar duwatsun garin nan. Baba Dikin ya ce, "Bai nutse ba. A sake!" Aka danna gwiwa, ciki ya taso. "A sake!"

Gwaggo ce ta jera mu, ta sa ni a tsakiya, ba farko ba, ba ƙarshe ba. Na taka matakalar ina jin idon kowa a bayana. Fasto ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da ni. Na taso ina shirin kuka sai na ji, "Gwiwar hannu! A sake!" Aka sake. "Yatsun ƙafa!" A na uku Gwaggo da kanta ta kwanta rub da ciki a bakin kwami, ta danne mini ƙafafu da hannu biyu, tana cewa, "Zauna a ciki, 'yar nan, ba mai korar ki." A ƙarƙashin ruwan nan ne, cikin ɗan shirun nan, na ji karo na farko tun haihuwar nan cewa jikina ya jiƙe kuma ba abin kunya ba ne. Matar da aka yi taro a kan ko za ta shiga sau ɗaya, sai ga shi ta shiga sau uku. Ina fitowa 'yar Madam ta sauka, ko kallon ruwan ba ta yi ba.

Kun san dai ba za a zubar da ruwan nan ba. Da gwangwani ta kwashe shi kaf ta kai wa yakuwa. A bikin Kirsimeti aka yi tuwo da miyar taushe, kowa yana santi, har Hajjo an kai mata nata. Gwaggo ta bari sai da kwanuka suka yi rabi.

"Kun ji daɗin yakuwar?"

"Sosai, Gwaggo!"

"Madalla. Ruwan zunubanku ne ya raine ta."

Asabe ta tsaya da loma a hannu, ta dube ta, ta dube ni. Sai ta kai baki, ta miƙa kwano a ƙara mata.

A taron ikilisiya na farko da na zauna a ciki da cikakken hannuna, maganar da aka kawo ita ce a karɓe aikin ruwan baftisma daga wurin Gwaggo a ba matasa. Ɗan sandan nan ne ya kawo ta, yana cewa har yanzu bayansa bai saki ba. Tana gefena. Fasto ya ce masu goyon baya su ɗaga. Na tuna bayan ɗan sanda, na tuna ruwan da na shaƙa, na ga gaskiya dai tasu ce. Na ɗaga hannuna kaɗan, daidai kunne, ta ɓangaren da ba ta gani. Ashe tana gani.

"Lami! Ni? Don wannan na tsaya a kan gwiwar nan?"

Na fara saukewa. Sai ta cafke tsintsiyar hannuna ta cilla shi sama, har kafaɗata ta yi ƙara.

"In za ki ɗaga ki ɗaga a gani! Baba Dikin, ƙirga da wannan, sabo ne."

Ta faɗi zaɓen. Ta yi mako tana fushi da kowa ban da ni.

Daga baya an dace da aikina a Jahun, na warke, ita ta yi jinyata. Ta rasu cikin barcinta bayan girbi, ba ta wahalar da kowa ba, abin da bai yi kama da ita ba ko kaɗan.

Ya Uba, ga baiwarka Rifkatu ta iso wurinka. Tana da baki, ka san ta fiye da mu. Ka yi haƙuri da ita yadda ta koya mana mu yi da juna. Ka hutar da gwiwarta. Mu kuma da ta bari, kada ka bar mu mu ce wa wani ya jira sai ya warke. Cikin sunan Yesu, amin.